Ka Shirya Gidanka: Yadda Mai Bi Zai Ƙidaya Kwanakinsa Tun Yana da Ƙarfi

A Zabura 90:12 Musa ya roƙi Allah ya koya mana ƙidaya kwanakinmu domin mu sami zuciya mai hikima. Duk wanda ya taɓa zama a jana'izar Kirista a ƙasar nan ya ji an karanta wannan aya. Ana karantawa mata su yi ajiyar zuciya, maza su sunkuyar da kai, a ce amin, a ci shinkafa, a watse. Abin da ba a cika gaya mana ba shi ne ƙidayar nan aiki ce. Da biro da takarda ake yinta, da ƙafa, wani lokaci har da kuɗin da ba ka so su fita daga aljihunka. Ni ne mai rubuta tarihin mamaci a ikilisiyarmu da ke wajen Zariya, wanda ake karantawa kafin wa'azi, na kuma daɗe ina zama da iyalai a daren da ake shirya shi. Abin da zan faɗa a nan daga irin wannan zama na tsinto shi, da kuma Littafi Mai Tsarki.

Tun farko mu fahimci juna, 'yan'uwa: babu ko ɗaya cikin abubuwan nan da zai saya wa mutum sama. Ceto kyauta ce ta wurin bangaskiya ga Yesu Almasihu, Afisawa 2:8-9 ta gama wannan magana. In ba ka daidaita da Ubangiji ba tukuna, ajiye sauran, ka nemi fastonka ko wani dattijo yau ɗin nan. Ɓarawon da aka gicciye tare da Yesu ya sami shiga a sa'arsa ta ƙarshe, gaskiya ne, amma shi ya san ta ƙarshe ce. Wanda mota ta kife da shi a hanyar Kaduna bai sani ba.

To, ka fara da lissafin kansa. Aya ta 10 ta wannan Zabura ta ce shekarunmu saba'in ne, in da ƙarfi tamanin. Shekara 70 kwana 25,550 ke nan, amma irin wannan adadi ba ya taɓa zuciya. Da damina za ka ƙirga. In kana da shekara 45, damina 25 ta rage maka, in har Allah ya cika maka mudun. Shuka 25, girbi 25, Kirsimeti 25. In mahaifiyarka tana ƙauye da shekara 75, kai kuma sau biyu kake leƙa ta a shekara, ko ta kai tamanin sau 10 ya rage ka ga fuskarta. Rubuta naka lissafin a bangon Littafinka daga ciki. Ka kuma tuna saba'in ɗin ba alkawari ba ne. Ƙididdigar Majalisar Ɗinkin Duniya ta nuna matsakaicin tsawon rai a Nijeriya bai kai shekara 60 ba. Mutuwar ƙananan yara ce ta ja shi ƙasa sosai, amma tarihin da nake rubutawa da yawa na mutanen da 'ya'yansu ke firamare ne.

Na san abin da wasu za su ce: Baba, wannan ai mugun baki ne, mai ambaton mutuwa kiranta yake yi. Akwai ma masu wa'azin da ke tsayawa a sujadar daren 31 ga Disamba su yi shela cewa ba wanda zai mutu a gidanku a sabuwar shekara. Ban yarda da wannan ba, ina kuma jin zafinsa, domin ni nake ganin idon matar da aka yi wa wannan shela idan mijinta ya rasu a watan Maris. Ta rasa miji, ga shi an bar ta tana tuhumar bangaskiyarta. Allah da kansa ne ya aiki Ishaya wurin sarki Hezekiya a 2 Sarakuna 20 da saƙon ya shirya gidansa gama zai mutu. Hezekiya ya juya fuska bango ya yi kuka, aka ƙara masa shekara 15. Roƙon tsawon rai ba laifi ba ne, ni ma ina roƙo. Amma karanta surar har ƙarshe ka ga abin da ya yi da ƙarin: jakadun Babila suka zo, ya zagaya da su ya nuna musu azurfa da zinariya da ɗakin makamai, bai bar kome ba, aka ce masa duka Babila za a kwashe su. Ƙarin shekaru bai ƙara masa hikima ba.

Yanzu ka sayi littafin rubutu mai kwali mai ƙarfi, irin wanda 'yan kasuwa ke rubuta ciniki. Shafin farko na bashin da ake binka ne. Rubuta duka, har da wanda kake fatan an manta: buhun takin da ka karɓa da alkawarin biya da kaka, kuɗin mai shago, ragowar kuɗin magini, adashin da ka riga ka kwasa ba ka gama zubi ba, rancen wurin aiki. Suna, adadi, ranar da aka karɓa, da wanda ya shaida. Shafi na biyu na bashin da kake bin mutane. Na uku kuwa, wanda ya fi damuna, na amana ne: kuɗin Zumuntar Mata da ke hannunki ke ma'aji, kuɗin ginin majami'a da ya kwana a asusunka, gonar da aka jinginar maka, akuyar da aka ba ka kiwo, takardun filin ƙanenka da ke Legas. In ka faɗi yau, iyalinka za su ɗauka naka ne, su raba, sunanka ya ɓaci a bakin mutane alhali ba ka ci kome ba.

A 2 Sarakuna 4 akwai matar wani daga ƙungiyar annabawa. Mijinta mai tsoron Ubangiji ne, Elisha ma ya san shi, amma ya mutu da bashi, mai bin bashin ya zo zai kwashe 'ya'yanta biyu su zama bayinsa. Muna son yin wa'azi a kan man da ya yi ta zuba har tuluna suka ƙare. Ba mu cika tsayawa a kan mijin ba. Tsoron Allah da yake da shi bai hana mai bin bashi tsayawa a ƙofar matarsa ba. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, cinsa ba abin kunya ba ne. Ɓoye shi ne abin kunya. Maƙwabtanmu Musulmi kan yi shela a wurin jana'iza cewa duk mai bin mamaci bashi ya zo ya faɗa, na kuwa ga kyan wannan. Mu da muke da lokaci, gara mu yi tamu shelar da ranmu.

Wajen biya, fara da wanda ya fi talauci cikin masu binka, ba da wanda ya fi ƙarfin murya ba. Mai wanki, ɗan ƙwadagon da ya yi maka huɗa, yarinyar da ke aiki a gidanka. Firistoci 19:13 ta hana ladan ɗan ƙwadago ya kwana a hannunka, Yakubu 5:4 kuma ta ce ladan da aka danne yana kuka, kukan yana kaiwa kunnen Ubangiji. In kuwa akwai wanda ka cuta, ba rance ba, cuta, to dubi Zakka na Yariko a Luka 19. Bai ce a yi masa addu'a kawai ba, ninki huɗu ya ce zai mayar. Wanda ba ka iya biya yanzu, je ka same shi ku yanka abin da za ka riƙa kawowa duk wata, ku rubuta.

Sai gaba, wato ƙiyayya tsakanin 'yan'uwa. A nan zan daɗe, domin nan ne na fi ganin hawayen da ba su da magani. Sau da yawa ina zaune a tsakar gida 'ya'ya suna gaya mini in rubuta cewa baban nasu ba shi da abokin faɗa, alhali ƙanensa uwa ɗaya uba ɗaya yana can waje a kan benci, ya kasa shigowa, saboda sun yi shekaru ba sa gaisawa a kan iyakar gona. Ranar binnewa shi ne zai fi kowa kuka a bakin kabari, ba kuma mai amsa masa. Yesu ya ce a Matiyu 5:23-24 in kana miƙa baiko ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana game da kai, ka bar baikon a gaban bagade, ka je ku shirya tukuna. Lura, bai ce in kai ne mai laifi ba. Tunawa kawai ta isa ta tashe ka.

Ga yadda na ga yana yiwuwa. Kada ka tura saƙo ta waya, kada ka aiki yaro. Zumunta a ƙafa take. Je da kanka da sassafe, kafin a fita gona ko kasuwa, lokacin da ba 'yan kallo. Ka gaisa yadda ya kamata, ka tambayi iyali, sa'an nan ka faɗi naka laifin kaɗai. "Yaya, maganar da na faɗa maka a gaban mutane ran nan ba ta dace ba, ka yafe mini." Ka tsaya nan. Da ka ƙara da "amma kai ma", ka rushe abin da ka zo ginawa. Kada ka matsa masa ya amsa a ranar. Wani sai ka tafi zai yi kukansa. In ya kore ka, bar shi ya huce, ka dawo da dattijo ɗaya wanda ku biyu kuke jin nauyinsa, kamar yadda Matiyu 18 ta tsara. In duk ya ƙi, Romawa 12:18 ta ce in mai yiwuwa ne, gwargwadon abin da ke hannunka, ka zauna lafiya da kowa. Ka sauke naka. Ke kuma 'yar'uwa da kika bar gida saboda duka, yafewa daban, komawa inda ranki ke cikin haɗari daban. Ki yafe daga zuciya, amma kada kowa ya tura ki can da sunan wannan aya. Ki sa dattawa da iyayenki a maganar.

Daga nan sai wasiyya, abin da mazanmu suka fi gudu. Mutane sun san misalin mai arzikin nan na Luka 12 da ya ce zai rushe rumbunansa ya gina manya, aka ce masa wawa, a daren nan za a karɓi ranka. Kaɗan ne ke tuna abin da ya jawo misalin. Wani ne ya taso daga cikin taro ya ce Yesu ya sa ɗan'uwansa ya raba gado da shi. Rigimar gado ce. Tambayar da aka yi wa mai rumbunan ita ce, abin da ka tara, na wa zai zama? Kai kana da damar amsa ta tun kana numfashi.

Wasiyyar da kotu za ta karɓa a rubuce take, ka sa hannu a gaban shaidu biyu da ke wurin lokaci guda, su ma su sa nasu. Kada mai shaida ya zama cikin masu cin gadon, ko miji ko matar mai cin gadon, domin rabon mai cin gadon na iya faɗuwa. Nemi lauya ya duba, yawancin ikilisiyoyin gari ba sa rasa lauya ɗaya da zai taimaka, a kuma ajiye ta a sashen kula da wasiyya na Babbar Kotun jiha. Wani abin da mutane ba su sani ba: sunan makusancin da ka cika a fom ɗin banki ba ya ba shi ikon cire ko kwabo. In ba wasiyya, sai iyali sun nemo takardar izinin kula da gado daga kotu, abin da kan ci watanni da kuɗin mota, gwauruwa tana yawo daga ofis zuwa ofis da jariri a baya. Haka kuɗin fansho. In ma'aikaci ne kai, dokar fansho ta 2014 ta ce mai ɗaukar aiki ya yi wa ma'aikacinsa inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashin shekara ba. Tambayi ofishinku ko ana yi, ka rubuta a littafin nan inda matarka za ta je da takardun da za ta riƙe.

Ka ambaci matarka da suna, da ɗakin da take ciki, da gonar da za ta ci. Na ga an fitar da mace daga gidan da ta ɗauki bulo a ka aka gina, 'yan'uwan miji suna cewa al'ada ce, wasunsu kuwa da rigar mawaƙa suke zuwa sujada. Ka ambaci 'ya'yanka mata. A Littafin Ƙidaya sura 27 'ya'yan Zelofehad mata biyar sun tsaya gaban Musa suna neman gadon ubansu, Ubangiji ya ce maganarsu daidai ce. Kotun Ƙolin Nijeriya ma a 2014 ta yanke cewa al'adar da ke hana 'ya mace gadon ubanta ta saɓa wa tsarin mulki. Game da gona kuwa takarda kaɗai ba ta isa ba. Kwashi 'ya'yanka da rani, ka kira mai unguwa da maƙwabtan gona, ku bi iyaka da ƙafa daga kusurwa zuwa kusurwa, a dasa itace ko a kafa dutse kowa na gani. Ibrahim da zai sayi kogon Makfela a Farawa 23 ya ƙi karɓarsa kyauta, ya auna shekel 400 na azurfa a gaban mutanen gari, domin kada a yi gardama a bayansa.

A shafi na gaba rubuta yadda kake so a binne ka. Jana'izarmu ta fara fin ƙarfinmu. Gawa ta yi makonni a mutuware ana biya kullum, ana jiran a ɗinka anko, a buga hoto a riga da kalanda, a yi hayar rumfa da kujeru, a yanka sa. Bayan wata biyu a koro marayun daga makaranta saboda kuɗin zango. 'Ya'ya suna yin haka don tsoron bakin mutane, ba kuma mai iya cire musu wannan tsoro sai kai. In ka rubuta da hannunka cewa a binne ka cikin 'yan kwanaki, a akwati marar tsada, a gari ko a ƙauye, ga waƙoƙin da kake so daga Littafin Waƙoƙi, ga ayar da za a karanta, to sun sami abin nuna wa duk kawun da ya zo da tsari. Kuka kam a yi. Yesu ya yi hawaye a kabarin Li'azaru, masu ibada sun yi makoki mai zafi a kan Istifanas. Bulus bai hana baƙin ciki ba a 1 Tasalonikawa 4:13, baƙin ciki irin na marasa bege ya hana. Ka ƙara layi ɗaya da nake roƙon kowa ya ƙara: kada a zargi kowa da maita a kan mutuwata. Zabura 139:16 ta ce kwanakinmu a rubuce suke tun kafin ɗayansu ya zo. Tsofaffi mata da yawa sun sha wulaƙanci a ƙauyukanmu a kan mutuwar da hawan jini ko ciwon suga ya kawo.

Abin da za ka bayar, bayar da shi da hannunka. Da Dokas ta mutu a Yafa, gwauraye suka kewaye Bitrus suna kuka suna nuna masa rigunan da ta ɗinka musu tun tana tare da su. Zannuwan da ke ƙasan akwati shekara da shekaru, keken ɗinkin da ba a taɓawa, littattafan da ƙura ta rufe, akwai mai bukatarsu a layinku. Ɗauki kuɗin makarantar maraya ɗaya, ko koya wa yaron gwauruwa sana'arka ba tare da kuɗin koyo ba. Ajiyar da Matiyu 6:20 ke magana a kai, wadda asu da tsatsa ba sa ci, ta irin wannan hanya ake aika ta.

Kada kuma wani ya karanta wannan ya naɗe hannu. A Tasalonika an sami waɗanda suka bar aiki suna yawon gidaje, Bulus ya ce wanda ya ƙi aiki kada ya ci. Mai tuna lahira shi ya fi kowa dacewa ya soma aikin da ba zai ga ƙarshensa ba. A watan Disamba na 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka a Legas da niyyar kawo bishara ƙasar nan. Kafin 1894 ta ƙare Gowans ya rasu a Girku, Kent a Bida, ba wanda ya kai shekara 30 a cikinsu, ba su kuma kafa majami'a ko ɗaya ba. Bingham ya koma gida, ya sake yunƙuri, sai a 1902 aka sami tashar farko a Patigi. Daga wannan aiki ikilisiyar ECWA ta fito a 1954. Wanda ya tsaya a kabarin Gowans a shekarar da ya mutu zai ce asara ce. Saboda haka dasa mangwaron ko da jikoki ne za su sha, koya wa yaran Makarantar Lahadi ko ba za ka ga girmansu ba. Ka ci abincinka da murna, ka ji daɗin zama da matarka, Mai Hadishi 9:7-10 ta ce haka, ta kuma ce abin da hannunka ya samu na yi, ka yi shi da ƙarfinka. Rayuwarmu a nan kamar ta matafiyin da zai bi motar asuba ce: wanda ya ɗaure kayansa tun da dare shi ne ke samun barci, shi ne kuma ke zama a yi hira da shi hankali kwance.

Na kullum ba shi da yawa. Da safe in za ka faɗi shirinka na yini, ka ce in Ubangiji ya yarda kana nufinsa, gama Yakubu 4:14-15 ta ce ranmu kamar hazo ne da ke bayyana ɗan lokaci ya ɓace. Da dare kada ka juya wa matarka baya da fushi, Afisawa 4:26 ta ba fushi wa'adi zuwa faɗuwar rana. In an yi rasuwa a unguwa, je. Mai Hadishi 7:2 ta ce gara zuwa gidan makoki da zuwa gidan biki, domin mai rai ya sa abin a zuciyarsa. Sa wayarka a aljihu, ka bi gawa har bakin kabari, kada ka tsaya a rumfar abinci. Sa'an nan ka koma gidan bayan wata guda, lokacin da masu ta'aziyya sun ɗauke ƙafa, da mudun masara ko sabulu, ka tambayi gwauruwar me ke gabanta.

Littafin nan kuwa ba a rubuta shi sau ɗaya a rufe. Duk shekara bayan an gama girbi, wajen lokacin godiyar kaka, buɗe shi. Soke bashin da ka biya, ƙara wanda ka ci, duba ko akwai sabon suna da ya kamata ka je ka gaisar da sassafe. In an yi haihuwa, ko ka sayar da fili, ko ɗaya daga cikin waɗanda ka ambata ya riga ka, koma wurin lauya a gyara wasiyyar da sababbin shaidu, kada ka soke da biro a gida. Zauna da matarka, ke kuma da mijinki, ku karanta shi tare da murya, ko da ɗayanku zai ce a bari. Sa'an nan ka nuna wa babban ɗanka ko 'yarka, da dattijo ɗaya amintacce wanda ba danginku ba, inda littafin yake kwana da inda mabuɗin yake.